Mma Lariba, Ban Zo Ƙarfe Uku Ba

Ranar Alhamis, ashirin ga watan Maris na shekarar 2025, wajen ƙarfe biyar saura na yamma, Allah ya karɓi ran Filomina Atinga, wadda unguwannin Nima da Maamobi suka sani da Mma Lariba mai man kaɗe. Ta rasu tana da shekara saba'in da ɗaya, a tsakiyar azumi biyu, namu na Kiristoci da na maƙwabtanmu Musulmi. Za a binne ta ranar Asabar mai zuwa, biyar ga Afrilu.

Ni sunana Silbesta Awuni, tela ne a Maamobi. Katikis ɗin cocinmu, malamin da ke koyar da addini, ya ce in rubuta ta'aziyyar da za a sa a ɗan littafin jana'iza, wai na fi kowa Hausar takarda, tunda a hannun Alhaji Jibirilu mutumin Maraɗi na koyi ɗinki da karatu, kuma ni nake karɓar marigayiya a zaman gadin ɗakin sujada duk Alhamis. Na ce to. Kwana biyar ke nan takardar tana kan teburin yanka ina zagaya ta. Yau Laraba, ranar sunanki, Mma, na zauna.

Tsoro nake ji. Gara in faɗa tun daga farko. Akwai ƙarya guda a littafin coci, da hannuna na rubuta ta, kuma saboda ita ɗanki Bitalis ya hana aminiyarki Hajiya Memuna zuwa jana'izarki. Zan iso wurin. Amma alherinki aka ce in rubuta, bari in fara da shi.

Shekara arba'in da wani abu kina zaune wuri ɗaya a kasuwar Nima, gabanki ƙorai uku na man kaɗe da tiren daddawar da ake aiko miki daga garinku Bolga. Ban taɓa ganin mai sayarwa da ke hana mutum saye kamar ke ba. Mace za ta zo da yaro jikinsa duk ƙuraje, ki lakato ki shafa masa, ki ce ta dawo jibi ki gani. In ta dawo abin bai ragu ba, sai ki ce wannan ya fi ƙarfin man kaɗe, ki bar wa maƙwabciya ƙoran, ki raka su asibiti da ƙafarki. Matan layinku sukan ce kin fi yin jinya a kan ciniki, ke kuwa ki ce su ma ai gulma suka fi yi a kan ciniki, kowa da abin da ya kawo shi kasuwa.

Fada, limamin cocin da aka kawo mana shekara huɗu da suka wuce baƙo ne, lungunan Nima kuwa ko ɗan gari sukan ɓatar. Ke ce idonsa. Duk Juma'ar farkon wata, in an tashi daga addu'ar warkarwa, sai ki gyara ɗaurin zani ki shige gaba, yana biye da ke da Jibin Ubangiji, wato Gurasa Mai Tsarki, rataye a ƙirjinsa da 'yar kwalbar man shafe marasa lafiya, kuna tsallake kwata, kuna raɓa bango. Ke kika san tsohon ɗan sandan da shanyewar jiki ta kwantar a ɗakin da ba taga. Ke kika san matar da 'ya'yanta suka tafi ƙasar waje suka bar ta da wayar da ba ta iya dannawa. Ban san mutum nawa kika kira wa Fada a kan gargara ba, na dai san babu wanda ya mutu a unguwarmu cikin 'yan coci kina gari ba tare da an shafe shi da mai ba.

Ba ki yi boko ba, amma kina da littafi. Ɗan littafin rubutu ne na 'yan makaranta, mai jan bango, ni nake rubuta miki sunayen marasa lafiya a ciki. Na taɓa tambayar ki ko a ware sunayen Musulmi a shafi daban. Kika dube ni ta saman tabarau kika ce, "Ciwo ya tambaye su addini kafin ya kama su?" Kin san mazaunin kowane suna da ɗan yatsanki. In mutum ya warke ki sa in ja masa layi a ƙasa, in ya rasu ki sa in zana ƙaramin gicciye, ko jinjirin wata in Musulmi ne, kuma ba a goge kowa. Sau biyu na ce a sa sunanki, tun da likita ya fara maganar zuciyarki da hawan jini. Kika ce littafin ya kusa cika, a bar wa masu ciwon gaske.

Ke da Hajiya Memuna kuwa, gida ɗaya kuka yi haya a Maamobi tun kuna amare, ɗaki yana kallon ɗaki. Mijinta ke yanka muku kazar Kirsimati don kowa ya ci, ke kike soya mata ƙosan buɗa-baki. Lokacin da ta kwanta ciwo bayan haihuwar autanta Abdul-Razak, a bayanki ya yi wata huɗu, kina goya shi kina riƙe da hannun Bitalis. Yau Abdul-Razak direban tasi ne mai mata da 'ya'ya, amma har ranar da kika rasu bai daina kiran ki Mma ba, ke ma ba ki daina cewa ya rame ba.

Ga maƙwabtanmu da za su karanta wannan, dole in bayyana wani abu na ibadarmu, in ba haka ba ba za a gane laifina ba. A gefen cocinmu akwai ƙaramin ɗaki mai benci huɗu. Duk Alhamis, bayan sujadar safe, Fada yakan ɗora Gurasa Mai Tsarki cikin wani mazubi mai fuskar gilashi, a wani ɗan akwati mai ƙofa biyu a kan bagade, wato teburin hadaya. Sai ya buɗe ƙofofin, ya kunna kyandir biyu, a bar shi haka har shida na yamma. A bangaskiyarmu Yesu Almasihu ne da kansa yake zaune a wurin. Don haka doka ɗaya ce ta fi kowace: ba a barin sa shi kaɗai, ko na minti guda. Kowa da awarsa. Ba ka tashi sai mai karɓar ka ya shigo, ya rubuta sunansa da lokacin zuwansa a littafin da ke bakin ƙofa, ya taɓa kafaɗarka. Waya a kashe take. In larura ta kama mutum dole ya fita, sai ya hure kyandir, ya rufe ƙofofin akwatin, ya buga ƙararrawa, katikis ya zo ya duba awar wa aka bari babu kowa.

Awarki biyu zuwa uku ce, shekara goma sha tara. Tawa uku zuwa huɗu, shekara bakwai, kuma ke kika ba ni ita. Matata Asibi ta kwanta a lokacin, wata biyar ba ta taka ƙasa, na sayar da keken ɗinki ɗaya, na zaga inda bai kamata ɗan coci ya zaga ba. Kika same ni a shago ina kuka a kan rigar mutane. Na ce miki ni ban iya doguwar addu'a ba. Kika ce, "Kai tela ne, ka iya zama wuri ɗaya. Shi ke nan abin da ake so." Na je na zauna. Na yi alkawari a gaban bagaden cewa in Asibi ta tashi ba zan bar awar nan ba har in mutu. Kafin bikin Ista ya zagayo Asibi ta koma tallan kokonta. Fada ya sha gaya mini cewa Allah ba ya irin wannan ciniki, amma zuciyata ba ta ji ba. Na ɗauka a raina cewa ranar da awar nan ta kuɓuce mini, ranar ciwon zai dawo. Ke kaɗai na gaya wa.

Sai dai alkawarin tela an san shi. Na fara da makarar minti biyar, ta koma goma, ta koma kwata. In na taɓa kafaɗarki sai ki mintsine ni a hannu, mu fito bakin ƙofa ki ce a hankali, "Silbesta, Ubangiji ba mai kawo ɗinki ba ne da za ka ce mishi gobe." In yi dariya, in ɗauki biro in rubuta ƙarfe uku. Ke gicciye kawai kike zanawa a gaban sunanki, ba ki rubuta lokaci, saboda haka abin da na rubuta shi ne gaskiyar littafi. A watan Janairu kika je Bolga zaman makoki, wadda ta riƙe miki awa ta kai ƙarata. Katikis ya kira ni ya ce akwai mutum shida masu jiran gurbi, in aka sake samu na da makara sau ɗaya zai soke sunana. Na rantse na daina. Na yi sati uku ina zuwa a kan lokaci, da kika dawo sai na koma halina. Sabo turken wawa.

Alhamis ɗin da ta gabaci rasuwarki kin riƙe hannuna a bakin ƙofa kin ce, "Sati mai zuwa ka zo da wuri, ina da ganin likita uku da rabi, Abdul-Razak zai zo ya kai ni a tasinsa. Ƙirjin nan na damu na." Na ce ko da saura minti goma za ki gan ni.

Ranar ta zo saura kwana goma Sallah. Shagona cike da shaddodin mutane har ƙofa. Tun safe aka ɗauke wuta, ba ta dawo ba sai biyu da minti ashirin, na hau keke kamar mayunwaci. Da uku saura kwata na ɗaga kai na dubi agogon bango. Na gani, Mma. Ba mantuwa na yi ba, da mantuwa ce da na sami abin faɗa. Na tuna maganar likitan ma. Na ce a raina bari in ƙarasa wuyan rigar nan, Mma Lariba tana nan, ba za ta tashi ba. Na ƙarasa wuya, na kama hannu. Sai uku da rabi da minti biyar na tashi.

Huɗu saura minti goma na shiga harabar coci da gudu. Ba kowa, rana ta kori mutane. Da na karya kwana sai na ga abin da ban taɓa gani ba, ba kuma zan manta ba. Hajiya Memuna ce zaune a kan dokin ƙofar ɗakin sujada, ta cire takalmanta, ta jingina da bango, mayafinta ya jiƙe da gumi, tana jan carbinta. Ba ta shiga ba, ba ta kuma fita ba. A ciki kyandir biyu suna ci, ƙofofin akwatin a buɗe, bencinki babu kowa, takalminki ƙafa ɗaya a ƙarƙashinsa.

Ta ɗago ta dube ni. Ta ce da Hausarmu ta Nima, wadda ba ta raba mace da namiji, "Ka zo? Lariba ya faɗi. Razak ya tafi da shi asibiti. Ga amanan ka." Ta sa takalmanta, ta nufi titi neman torotoro, motar haya.

Na shiga. Kuma, Mma, kafin in durƙusa, hannuna ya ɗauki biro ya rubuta abin da ya saba rubutawa. Silbesta Awuni, ƙarfe uku. Mai awar huɗu ya zo ya same ni a durƙushe, ya taɓa kafaɗata kamar kullum. Kafin Hajiya ta isa asibiti kin cika. Abdul-Razak ne kaɗai a kanki, yana riƙe da hannunki. Ke da kika kira wa mutane Fada ba adadi, ba a shafe ki da mai ba. Likita ya ce da an kawo ki da wuri, wataƙila.

Washegari Bitalis ya iso daga Takoradi, inda yake tuƙa babbar mota a tashar jirgin ruwa. Ni na ɗinka masa rigar makarantarsa ta farko, na san shi. Yana da zuciya mai kyau da hannu mai sauri. Ya duba katin asibiti ya ga an karɓe ki huɗu da kwata. Ya je wurin katikis ya duba littafin coci ya ga an karɓe ki a ɗakin sujada ƙarfe uku. Sai ya yi lissafin da kowa zai yi. A tsakar gidanku, gaban masu zaman makoki, ya ci kwalar Abdul-Razak.

"Uwana ya fito ƙarfe uku. Daga Nima zuwa asibiti awa ɗaya da kwata? Cale, ɗan'uwa, ina ka kai shi? Fasinja ka ɗauka zuwa tashar Sakul ka bar shi cikin rana?"

Abdul-Razak yana kuka yana cewa, "Wallahi, bra Bitalis, tun uku saura ina bakin get ɗin coci. Uku da rabi ya wuce kafin na ɗauko shi daga ciki da hannuna. Hajiya, ki yi magana mana!" Hajiya Memuna ta sunkuyar da kai kawai.

Sai Bitalis ya juyo gare ni. "Maasa Silbesta, ƙarfe uku ka karɓa, ko ba haka ba?" Mutum fiye da talatin suna kallo na. Na dubi hannunsa da ke kan wuyan yaron. Na ce, "Haka yake a littafi." Ya ce littafin coci ba ya ƙarya. Ya ce daga ranar, kada ɗan gidan Hajiya ko ɗaya ya taka wurin jana'izar uwarsa. Ranar Sallah Hajiya ta aika da tuwo da miyar kaza ɗakinki kamar yadda ta saba shekara arba'in. Ya sa aka mayar mata da kwanon ko buɗe shi ba a yi ba.

Tun daga nan ban san kaina ba. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. In na hango tasi a bakin layi sai in koma shago in ɓuya bayan labule. In wayata ta yi ƙara sai in kife ta a kan tebur. Duk ranar Allah, da agogo ya kusa uku, sai in tsayar da keke, in zauna ina kallon allura har huɗu ta buga. Alhamis ɗin da ta wuce na aika wa katikis cewa zazzaɓi nake yi. Na kama hanya, Mma, na kai har kan kwanar da ake hango rufin coci, sai na juya. Ina tsoron ɗakin nan. Ina tsoron in shiga in tarar da takalminki har yanzu a ƙarƙashin benci. Ina tsoron Wanda ke kan bagaden, domin shi ya ga lokacin da na shigo, ya ga lokacin da na rubuta. Ranar Lahadi da aka tashi layin karɓar Jibin Ubangiji, na sulale ta ƙofar baya. Shekaranjiya Asibi ta yi tari sau biyu a kicin, na saki almakashi ya faɗi a kan ƙafata. Ina tsoron hannun Bitalis, ba zan ɓoye ba, shekarata hamsin da takwas kuma ban taɓa iya faɗa ba. Amma na fi tsoron idonsa ranar da zai sani.

Kuma ni aka ba ɗinkin rigar da za a sa miki a akwati. Bitalis da kansa ya kawo farin leshin, ya ce ba wanda ya san awon uwarsa kamar ni, ya gode mini da na zama mata ɗa. Na buɗe littafin awo na ga sunanki. Na yanka, na ɗinka, allura ta soke ni sau uku, ina tsoron jini ya taɓa farin. Tun da nake sana'a ban taɓa gama ɗinki kafin ranar alkawari ba sai wannan. Tana nan rataye a gefena tun ranar Asabar, ba na iya juya mata baya, ba na kuma iya kallon ta.

Jiya da hantsi na tafi wurin Hajiya Memuna. Ban san ko roƙon ta na je yi ta ci gaba da shiru ba, ko so nake ta tona ni in huta. Na same ta tana tsince shinkafa a ƙofar ɗakinta, tana fuskantar ɗakinki da ke rufe. Ba ta ba ni kujera ba, ba ta kuma kore ni ba. Ita ta ba ni labarin abin da ya faru a minti hamsin ɗin nan nawa.

Ta ce uku da minti goma ta bar tasi a bakin ƙofar coci ta zo ta leƙa ki, kika yi mata alama da hannu ta jira. Da ta sake leƙowa ta ga gumi yana zuba daga haɓarki, kin dafe ƙirji da hannu ɗaya, ɗayan yana kan jan littafinki. Ta ce miki ki rufe akwatin nan ki buga ƙararrawar ku tafi, ai kin taɓa gaya mata ana yin haka. Kika ce in kin buga, katikis zai zo, zai soke sunan Silbesta, kuma Silbesta ba zai iya ɗauka ba. Kika ce yana hanya. Sau uku kina cewa yana hanya. A na ukun ne kika zame daga benci. Ta ƙwala wa Abdul-Razak kira, ya shigo ya ɗauke ki kamar yadda kika taɓa ɗaukar sa. Ta bi ku za ta shiga mota, kika kama bakin mayafinta kika ce ta tsaya a ƙofar, kada a bar ɗakin babu kowa.

"Ni ban san abin da kuke gani cikin ɗakin nan ba," in ji Hajiya. "Ba addinina ba ne. Amma Lariba ya ba ni amana. Da azumi a bakina na zauna. La'asar ma sai a asibiti na yi shi, kusa da gawan shi."

Na tambaye ta ko kin ambace ni. Ta amsa tana tsintar shinkafarta.

"Ya ce in gaya maka yau kam ya yi fushi da kai. Ya ce amma kar in gaya ma kowa ka makara. Na ce to. Mutum na mutuwa ka ce mishi to, ya zama dole. Bakina a ɗinke yake, ɗana na kallo na kamar na sayar da shi. Amma naka bakin, Silbesta, ba wanda ya ɗinka." Sai ta ajiye faifan. Ta ce ita ba ta neman komai, fuskarki kawai take so ta gani sau ɗaya kafin a rufe akwati, tunda ba ta same ki da rai ba.

To, Mma, kin yi fushi da ni, kuma babu wata Alhamis da zan taɓa kafaɗarki ki mintsine ni a wuce wurin. Da wannan zan zauna har in same ki. Kin rufa mini asiri da numfashinki na ƙarshe, ga shi ni zan yaye shi, ki gafarce ni a kan wannan ma. Ba zan iya barin yaron da kika goya ya ɗauki kayana ba.

Ya ku jama'ar cocinmu, ya ku mutanen Nima da Maamobi: ƙarfe ukun da ke littafin ƙarya ne. Huɗu saura minti goma na zo. Abdul-Razak yana bakin ƙofar coci tun kafin uku, kuma daga ɗaukar ta zuwa asibiti bai tsaya ko'ina ba. Hajiya Memuna ta rasa ganin aminiyarta da rai ne saboda tana gadin awata. Da safen nan na je na furta wa Fada zunubina, na gaya wa katikis, na soke lokacin da hannuna na rubuta na gaskiya a gefensa. Katikis ya ce doka doka ce, gobe ita ce Alhamis ɗina ta ƙarshe har sai majalisar coci ta zauna. Tunda ba a sami mai riƙe awar Mma ba tukuna, na roƙa a bar ni in zauna duka biyun, ya yarda. Na dawo gida na gaya wa Asibi komai, har da alkawarin da na yi a kanta. Ta ce in ciwo zai dawo ya dawo, ita ba ta son lafiyar da aka saya da kukan Abdul-Razak. Ita ta fi ni ƙarfin hali. Ni har yanzu in ta yi tari sai na waiwaya.

Jan littafinki yana hannuna, Hajiya ta tsince shi a ƙasa ranar. Akwai sauran layi biyu a shafin ƙarshe. Na rubuta Filomina Lariba Atinga a ɗaya, na zana gicciye a gefensa.

Allah ya jiƙan ki, Mma. Ubangijin da kika ƙi bari shi kaɗai, kada ya bar ki ke kaɗai a makwancinki. Ya yafe miki kurakuranki, ya sa hannunsa ya shafe ki da man da ba mu samu muka shafa miki ba, ya haskaka fuskarki da hasken da ba ya mutuwa, ya zaunar da ke tare da Maryamu da dukan tsarkaka. Duk wanda sunansa ke cikin littafinki, mai layi da mai gicciye da mai jinjirin wata, Allah ya sa ya zama shaidarki.

Ina miƙa ta'aziyya ga ƙanwarki Agata da dangi na Bolga, ga jikokinki huɗu, ga zumuntar matan coci, ga matan layin man kaɗe da suka rufe ƙoransu kwana uku, ga Fada da ya rasa mai yi masa ja-gora. Hajiya Memuna, Allah ya ba ki haƙuri, ya biya ki amanar da kika riƙe. Abdul-Razak, ɗana, kafra, ka gafarce ni. Ban san da wane ido zan dube ka ba, amma zan zo har gida in durƙusa.

Bitalis, kai ne na ƙarshe don kai ne na fi tsoro. Allah ya ba ka haƙurin rashin uwa irin wannan. Ba ni da ƙarfin halin kawo maka takardar nan da kaina, katikis zai miƙa maka ita yau kafin a kai ta wurin bugawa. Abu ɗaya nake roƙo, ba don ni ba: ka je da ƙafarka ka kira Hajiya, ta ga fuskar Mma ranar Asabar. Rigar tana nan a goge, in ba ka son ɗinkina a jikinta na fahimta. Ni kuwa in kana nema na, gobe Alhamis daga biyu zuwa huɗu ina ɗakin nan, a bencinta. Ka san dokar wurin. Ko na ji takunka, ba zan iya tashi in gudu ba.